Neman shawara: sati uku a jirgin ruwa cikin tsofaffi, ya dace da mu kuwa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana.

Ni da maigidana muna zaune a Ingila, shekarata 27, shi kuma 31. Tun da aka ɗaura mana aure ba mu taɓa yin hutu mu biyu ba. Duk hutun da ya samu gida ake tafiya, daga gaishe da wannan sai ta'aziyyar wancan, mu dawo a gajiye. Bana Allah Ya rufa asiri mun ɗan tara wani abu, sai ya gano wata tafiya ta jirgin ruwan shaƙatawa. Zai tashi daga Southampton a watan Janairu, ya gangara ta gefen Afirka ta Yamma har Cape Town, ya tsaya a Tenerife da Walvis Bay ta Namibiya. Kusan sati uku ke nan. Kuɗin ya haɗa da ɗaki da abinci.

Shi ya riga ya ƙwallafa rai. Ni kuma da na duba bidiyon waɗanda suka taɓa yin tafiyar, kusan kowa furfura ce fal kansa, wasu har da sanda. Ba ƙin tsofaffi nake ba, a hannun kakata na tashi. Tsorona kada mu zama mu kaɗai ne yara, ni kaɗai ce mai hijabi, ba abokin hira, ga shi ba halin a sauka a koma gida. Ba ma shan giya, ba ma zuwa wurin rawa. Wanda ya san kan abin ya ba ni shawara tsakani da Allah, mu biya ko mu haƙura?

Maman Sadik:

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ku haƙura. Sati uku ba wasa ba ne. Ku ɗauki kuɗin ku je Istanbul ko Maroko, inda za ku ji kiran salla, ku ci abin da hankalinku ya kwanta da shi, ranar da kuka gaji ku canza gari.

Baban Ummi:

Ƙanwata, kafin a kai ga maganar tsofaffi, wane fasfo ne a hannunku? In koren fasfonmu ne na Najeriya, takardar zaman Ingila ba za ta shigar da ku Tenerife ba, domin tsibirin na Sifaniya ne, sai da bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Namibiya da Afirka ta Kudu ma kowacce da tata ƙa'idar a kan 'yan Najeriya. Kada ki ce ai sai mu zauna a cikin jirgi ranar da aka tsaya can. Kamfanoni da yawa suna duba takardu tun a bakin shiga, in babu bizar ƙasar da za a tsaya sai su hana mutum hawa, kuma ba sa mayar da kuɗi domin a rubuce yake cewa neman biza nauyin fasinja ne. Ku rubuta wa kamfanin, ku faɗi fasfon da kuke riƙe da shi, su ba ku amsa a rubuce.

Sannan ku sake lissafi. Tafiyar ta zuwa ce kawai, dawowa daga Cape Town zuwa Landan jirgin sama ne na awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu, ku za ku saya. Akwai kuɗin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, a jirage da yawa yana kai dala 15 zuwa 20 a kan mutum ɗaya. Ku ninka shi sau biyu, ku ninka da kwanakin. Intanet daban ake biya, yawon da ake kai mutane in an sauka shi ma daban.

Hajiya Babba:

'Yata, ni na yi irin wannan tafiya da Alhaji bayan ya ajiye aiki, don haka ina cikin masu furfurar da kika gani. Zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Gaskiya ne, tsofaffi ne suka fi yawa, kuma dalilin a fili yake. Ma'aikaci a Ingila kwana 28 doka ta ba shi na hutu a shekara, wa zai zuba fiye da rabi a tafiya ɗaya? Ga Janairu yara suna makaranta. Wanda ya rage sai mai fansho. Ko wane kamfani kika bi, muddin tafiyar ta wuce sati biyu haka za ki tarar.

Amma ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Kin ce ba kwa shan giya, ba kwa zuwa wurin rawa. To jirgin da matasa suka cika, mene ne a cikinsa? Kiɗa a bakin wurin wanka tun hantsi, mutane rabi tsirara, shaye-shaye har asuba, ana buga ƙofofi a lungun ɗakuna. A can ne za ki ji ke bare ce. Jirgin tsofaffi kuwa ƙarfe goma na dare ya yi tsit. Da safe akwai lacca, wani ya yi bayani a kan taurari, wani a kan tarihin garin da za a tsaya. Akwai ɗakin karatu mai tagogi a kan ruwa. Da la'asar a kawo shayi da burodi da kek, ma'aikata cikin fararen kaya. Wannan zaman ya fi kusa da tarbiyyarki.

Su kansu mutanen, mun san darajar zama da manya, bai kamata mu ne za mu gudu daga gare su ba. A teburinmu na cin abincin dare akwai wata tsohuwa Baturiya da ta koyar a wata makarantar 'yan mata a Arewa tana budurwa. Da ta ji muna Hausa da Alhaji sai ta ajiye cokali, ta ce "sannu da aiki", idonta ya ciko da hawaye. Daga ranar kullum sai ta tanadar min kujera kusa da ita. Akwai wasu mata da miji da suka haura shekara hamsin da aure, shi ne yake yanka mata nama a faranti saboda hannunta yana rawa, yana yi suna gardamar wace shekara suka sayi motarsu ta farko. Yarinya mai sabon aure ta zauna kusa da irin wannan sati uku, ba ta yi asara ba.

Ba zan ɓoye miki ba, za a kalle ki. Za a yi miki tambayoyi, wasu na son sani, wasu na rashin sani. An taɓa miƙo wa Alhaji kofi a zaton ma'aikaci ne, ransa ya ɓaci ƙwarai ranar. Mutum ɗaya ne cikin ɗaruruwa, amma ya faru, kuma gara ki sani tun yanzu. Daren da ake cewa kowa ya yi kwalliya, ba dole sai kwat ba, ana karɓar kayan gargajiya. Alhaji ya sa babbar riga da hula, ni na ɗaura leshi, muka kasa kaiwa teburinmu saboda masu neman hoto.

Abin da ya kamata ki auna shi ne ruwan kansa. Daga tsibiran Canary, inda Tenerife take, zuwa Namibiya kusan mako guda ne ba a ganin ƙasa. Ki buɗe labule ruwa, ki rufe ruwa. Ɗakin kuma ƙarami ne, gado da ɗan tebur da banɗakin da mutum ɗaya ke juyawa a ciki. In kun saɓa da mijinki babu gidan ƙawa, babu fita aiki a huce. In ku masu iya zama ne ku yi shiru tare, kowa da littafinsa, ku zagaya saman jirgi bayan sallar asuba, to za ku ji daɗin da ba ku taɓa ji ba. In ɗayanku ba ya iya wuni ba tare da ya fita gari ba, a nan matsalar take, ko da jirgin cike yake da sa'anninku.

Abban Yusra:

Hajiya ta yi magana mai kyau, Allah Ya ƙara girma, amma ina da ja a wuri ɗaya. Hajiya ta je ne a lokacin da ita da Alhaji suke da lokaci. Waɗannan yawancin hutun shekararsu za su ƙone a kan abin da ba su taɓa gwadawa ba. Ba su ma san ko jikinsu yana ɗaukar ruwa ba. Jirgin da ya tashi daga Southampton a Janairu sai ya ratsa Bay of Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya, wurin da ya yi suna wajen igiyar ruwa lokacin sanyi. Matata kwance ta yi a wannan yankin, ko ruwan shayi ba ya zama a cikinta.

Ku fara da gajere. Daga Southampton ɗin akwai na kwana biyu zuwa huɗu, akwai na mako guda zuwa Norway da bazara. A gajerun ne ake samun matasa da iyalai, musamman jiragen kamfanonin MSC da Royal Caribbean. Ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta ce matsakaicin shekarun fasinja a duniya kimanin 46 ne, kin ga ashe ba duka ne na tsofaffi ba, tsawon tafiyar ne yake tace mutane. Akwai ma kamfanin Saga na Ingila da sai mai shekara 50 yake sayar wa tikiti. In kuna son inda babu giya sam, Saudiyya ta fara nata jirgin, Aroya, a Disambar 2024 daga Jidda, abincinsa halal ne kuma akwai wurin salla.

Hajiya Babba:

Abban Yusra, maganar juyawar ciki gaskiyarka ce. Sai dai gajeren ba zai nuna musu yadda dogon yake ba. Na kwana uku kullum ana tsayawa gari, mutane suna sauri su more kuɗinsu. Natsuwar da nake magana sai an yi nisa take zuwa.

Malam Na Ƙofa:

Game da ibada, kada ta zama abin da zai hana ku. Matafiyi yana yin ƙasaru, kuma Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. Malamai sun yi bayanin salla a jirgin ruwa tun da daɗewa: a fuskanci alƙibla, a yi a tsaye in za a iya, in jiri ko tangaɗi ya hana a zauna. Manyan jiragen nan suna daɗewa a kan hanya ɗaya ba su juya ba, don haka abin da sauƙi. Kamfas na waya yakan rikice saboda ƙarfen jirgi. A talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita za ku gane alƙibla. Lokutan salla suna sauyawa kullum tun da kuna gangarawa kudu, ku dogara da rana, ga ta nan a fili ba gini ba dutse. Ku duba kalanda kuma, azumi yana matsowa farkon shekara, kada tafiyar ta shiga cikinsa ba ku shirya ba.

In kun isa Cape Town ku je unguwar Bo-Kaap, akwai Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, shi ne mafi daɗewa a Afirka ta Kudu. Abincin halal kuwa a garin ba a wahalar nemansa.

Anti Nas:

Amarya, tambaya ɗaya wadda ba sai kin amsa a nan ba. In akwai juna biyu, ko kuna sa rai, ki sani yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta zai kai sati 24 kafin a gama tafiya. Ko bai kai ba, laulayi da tangaɗin ruwa ba sa haɗuwa, kuma ba kowane maganin jiri ne mai ciki take sha ba, sai kin tambayi likitarki. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, ba ruwansa da NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, don haka ku sayi inshorar tafiya wadda ta ambaci jirgin ruwa ƙarara. Ku zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, can ne motsi ya fi sauƙi, kuma ku daure ku biya mai taga. Ki tafi da citta.

Abinci kuma ku sanar da kamfani tun wajen biyan kuɗi cewa halal kuke so, kada ku bari sai kun hau. Kifi da kayan lambu da shinkafa ba sa yankewa. Cikin masu kawo abinci akwai 'yan Indonesiya da yawa Musulmi, ki yi musu sallama, su za su riƙa nuna miki abin da aka sa wa giya ko naman alade. Yajinki da kilishi ki tambaya kafin ki ɗauka, ba ko'ina ake barin a sauka da nama ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mama Hajiya, na karanta wa maigidana amsarki daga farko har ƙarshe. Maganar tsofaffi ta fita daga raina. Da muka zo wurin mako guda ba ƙasa, shi ne ya yi shiru, domin shi ne ba ya iya zaman gida ko ranar Lahadi, ni kuwa ba abin da nake so kamar shiru da littafi. Fasfonmu na Najeriya ne, Baban Ummi, yau zai rubuta wa kamfanin. Mun tsayar da cewa za mu gwada na kwana huɗu tukuna, in jikinmu ya ɗauka kuma bizar ta samu sai mu nemi dogon a Janairun gaba. Saura tambaya ɗaya: teburin mu biyu za mu nema, ko a haɗa mu da mutane?

Hajiya Babba:

Ku nemi na mutum shida ko takwas, 'yata. In zaman bai yi muku ba, ki gaya wa shugaban masu kula da ɗakin cin abinci a daren farko, zai canza muku ba tare da kowa ya ji ba. Karin kumallo da abincin rana ku ci ku biyu. Allah Ya kai ku lafiya, ki gaishe min da maigidan.