Yarinyata ta canza tun da muka sauya mata makaranta

Maman Uku:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Yarinyata shekararta 13, mun sauya mata makaranta farkon zangon nan, tun daga lokacin ta zama wata iri, kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, makinta ya yi ƙasa, in ta dawo kuma sai ɗaki ta rufe ƙofa tana ta waya da ƙawarta ta tsohuwar makaranta. Babanta ya ce a ƙwace wayar kowa ya huta, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ku yi saurin ƙwacewa, wannan ƙawar ita kaɗai ta rage mata a yanzu. Na daɗe ina koyarwa, yaron da bai da wanda zai zauna da shi lokacin tara wallahi ko me ka rubuta a allo ba ya shiga kansa. Ki je ki ga malamar ajinsu ki tambaya da wa take zama, ko akwai masu tsokanarta. Ƙawa ɗaya ta kirki a ajin ta isa.

Abban Biyu:
Malam gaskiya ne, amma babanta ma yana da hujja fa. Yara masu shekarunta suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, in tana kwana da waya dole ta yi gyangyaɗi a aji. A karɓa da dare a ba ta da rana.

Anti Nas:
Yaya abin da Abban Biyu ya faɗa shi ne daidai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, tun shekarun 1960 ta bambance iyaye masu tsanani zalla, da masu sakaci da doka, da masu kafa doka amma suna bayani suna sauraro, kuma yaran na ƙarshen nan su suka fi natsuwa. Ciwon cikin ma kar ki ce ƙarya ne, damuwa tana kawo shi, amma a kai ta asibiti a duba.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai. Jiya na zauna da ita ban yi faɗa ba, sai ta fashe da kuka ta ce sati shida ke nan ita kaɗai take zama lokacin tara. Gobe in sha Allah zan je makarantar. Malam, in tafi da ita wajen malamar ko in je ni kaɗai tukuna?