Neman shawara: ruwan zinarena yana komawa shuɗi tun kafin in sa samfur

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a nan Bauchi, ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Aikina shi ne haɗa ƙwayoyin zinare 'yan mitsi-mitsi in lulluɓe su da beta-saikulodekistirin, wani sinadarin sukari mai siffar zobe da rami a tsakiya, don gano farakwat, maganin ciyawar nan da manomanmu ke fesawa, a cikin ruwan fadama. Ina dafa gishirin zinare, wato HAuCl4, da saikulodekistirin ɗin, in ƙara sodar NaOH. Ja ya kamata ya fito kamar zoɓo, amma nawa da ya huce sai ya koma shuɗi-shuɗi, washegari in tarar da baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba. Ko samfur ban sa masa ba, alhali sai an sa samfur mai farakwat ya kamata launin ya canza. Gishirin zinaren ya kusa ƙarewa, kun kuma san tsadarsa. Don Allah daga ina matsalar take?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Da me kike wanke kwalabenki, kuma wane ruwa kike aiki da shi?

Hauwa'u: Da sabulu nake wankewa, Malam, in ɗauraye da tataccen ruwa. Ran da aka ɗauke wuta ba a tace ruwa ba, sai in sa na leda.

Malam Bala: To ga su nan guda biyu. Ƙwayoyin nan cajin da ke jikinsu ne ke hana su manne wa juna. Gishiri kaɗan ya shiga, cajin ya rufe, sai su dunƙule, shi ne shuɗin da kike gani. Ruwan leda kuwa galibi na burtsatse ne, da gishirinsa a ciki. Ki daina, ko da za ki jira kwana biyu. Kwalabe da maganaɗisun juyawa ki jiƙa su a akwa rijiya (aqua regia), wato haɗin asid biyu masu ƙarfi, HCl kashi 3, HNO3 kashi 1, a wurin da ake zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Ki haɗa daidai wanda za ki yi aiki da shi, kada ki kuskura ki toshe shi a kwalba, iska yake fitarwa, zai fashe.

Zainab: Yaya Hauwa, kafin ki ƙara taɓa zinaren da yawa, ki gwada hanyar Turkevich ta 1951, wato haɗa ƙwayoyin zinare da gishirin sitiret, da ɗan kaɗan. Mililita 50 na HAuCl4 mai ƙarfin 1 mM, ya tafasa sosai, sai ki juye mililita 5 na sitiret mai 38.8 mM a lokaci guda kina juyawa. Rawayar za ta ɓace, ya yi duhu kamar ya lalace, kada ki tsorata, sannan jan ya fito. A na'urar UV mai auna hasken da ruwan ke sha, za ki ga zanen ya yi tsauni ɗaya wajen nanomita 520. In wannan ya yi, kin san ruwanki da kwalabenki lafiya lau, saura yawan NaOH. Shi ma in ya yi yawa dunƙule su yake yi, ki riƙa ɗigawa kina auna pH. A firij za ki ajiye, ban da firiza.

Dakta Usman, Gombe: Duk abin da suka faɗa haka ne. Ni damuwata a wani wuri take, ƙanwata. A ce jan ya fito gobe, me ya sa kike ganin saikulodekistirin zai kama farakwat? Zobe ne na gulukos 7, raminsa ba ya son ruwa, baƙin da yake karɓa, wato sinadaran da ke shiga ramin, su ne masu maiƙo-maiƙo irin su adamantan. Farakwat kuwa caji biyu yake ɗauke da shi, yana jin daɗinsa a ruwa, ba abin da zai kai shi cikin ramin. Mai masaukin da ya dace da shi, wato sinadari mai ramin da zai kama shi, shi ne filararin (pillararene) mai zobe 5, wanda Ogoshi ya fara haɗawa a Japan a 2008, musamman wanda aka saka wa kaboksilet a baki biyu. Wani mai masaukin, kukubituril mai 7, ma yana kama farakwat da ƙarfi, sai dai shi da kansa yana liƙa ƙwayoyin zinare da juna, ya bar tazarar kusan nanomita 0.9, don haka zai ba ki shuɗi ba tare da baƙo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, farakwat zai iya mayar miki da ruwan shuɗi saboda cajinsa kawai, ki yi murna ki rubuta cewa mai masauki ya yi aiki. Ran kare aiki mai jarrabawa zai tambaye ki: kin gwada da ƙwayoyin sitiret zalla? Kin gwada gishirin girki, kalsiyam, takin zamani? Ruwan fadama duk yana da su.

Hauwa'u: Dakta na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Amma filararin a ina zan same shi? Saikulodekistirin ɗin ma da ƙyar ya iso.

Dakta Usman, Gombe: Odarsa ake yi daga waje, da tsada, kuma sai kin jira. In ba hali, ki bar mai masaukin ki canza baƙon, ki nemi gurɓataccen sinadari marar caji wanda zai shiga ramin. Ki kai wa malamin da ke duba aikinki zaɓin biyu tun yanzu, kafin ki narka sauran zinaren.

Zainab: Kuma Yaya, farakwat ɗin nan guba ne da ba shi da makari. Kada ki ja shi da baki a fifet, bututun awon ruwa, kada kuma ki zuba shi a robar ruwan sha ko da na minti ɗaya ne.