Batirin motar kwanana ba ya kai asuba, ku taimaka da shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina Kaduna, na mayar da wata Toyota Hiace ɗakin kwana: maƙeran Panteka suka haɗa min gado, na sa ƙaramin firij da fanka biyu. Niyyata bayan damina in ɗauki iyali mu bi gaɓar teku, daga Badagry mu tsallaka iyakar Seme, mu ratsa Kwatano har Grand-Popo, muna kwana a ƙauyukan masunta.

Wutar ce ta hana ni sakat. Faifan sola na wat 200 ne a saman motar, batirin kuma mai ruwa ne, 12V 100Ah, irin wanda ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Da rana komai lafiya, amma tun kafin kiran sallar farko inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida don firij ya yi aiki, ta fara kuka, firij ya mutu. Na goge ƙurar faifan, na sa wayoyi masu kauri, ba ta canza zani ba. A Kaduna ma ke nan. Can bakin teku ga zafi ga gumi, fanka ba za ta huta ba, kuma allurar ciwon sugan mahaifiyata dole ta zauna cikin sanyi.

Shin inbatar ce ke cinye wutar, in nemi firij mai aiki da 12V kai tsaye? Ko in koma batirin lithium? Wanda kuma ya taɓa jona batirin ɗaki da altanetar mota, yaya ya hana shi zuƙe na tada inji? Don Allah ku yi min bayani.