Kafin ka miƙa kuɗin Umara ga ɗan ejan

Mun tattauna da wasu da suka daɗe a harkar jigilar alhazai, ga abin da na tsinta.

Duk bakinsu ya zo ɗaya a kan lasisi. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba ta isa ba, don ko mai shagon atamfa yana da ita. Wanda zai kai mutane Hajji ko Umara sai da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda doka ta kafa a 2006. Lasisin kuma sabunta shi ake yi, saboda haka kada takardar da aka liƙa a bango cikin firam ta ruɗe ka. Matsa kusa, karanta kwanan watan, ka duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin da hukumar ta fitar na bana.

Wani dattijo ya fi jaddada maganar biza, kuma ina ganin nan ne haɗarin yake. Duk wanda ya ce zai shigar da kai Hajji da bizar ziyara, guje shi. A 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu a aikin Hajji cikin tsananin zafi, Saudiyya ta ce kashi 83 cikin 100 ba su da izini. Ba tanti a Mina, ba motar da za ta ɗauke su. Masar ta soke lasisin kamfanoni 16 a kan haka.

Kuɗi a asusun kamfani za ka zuba, ba na mutum ba. Ka karɓi rasit, a rubuta sunan masauki da nisansa daga Harami.