Taƙaitawa: Yadda za a buga sunayen masu karɓar tallafi ba tare da an miƙa su ga 'yan damfara ba

Mahalarta wata tattaunawa kan buga jerin sunayen masu karɓar tallafin gwamnati sun yarda cewa jama'a na da haƙƙin sanin inda kuɗin gwamnati ya tafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin Najeriya kwana 7 su amsa buƙata, amma ta keɓe bayanan sirrin mutum. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ɗaure wannan.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a buga suna, mazaɓa da adadin kuɗi, a cire NIN, BVN, lambar waya, lambar asusu da ranar haihuwa. In tantancewa ta zama dole, lambobi huɗu na ƙarshe na irin waɗannan lambobin sun isa. Dalilin cire su kuwa, ɗan damfara da ya san sunanka da kuɗin da kake jira, kuma ya samu lambar wayarka, kira ɗaya zai yi, ya ce tallafinka ya maƙale, karanto masa lambar da banki ya turo. 

Kuskuren da aka fi nanatawa na ofis ne. Ɓoye layi a Excel ba gogewa ba ne, haka ɗora baƙin zane a kan PDF, rubutun na nan a ƙasa, ana iya kwafe shi. A goge bayanin tukuna, a fitar da sabon fayil, wani ma'aikaci daban ya duba. Kada cikakken jerin ya shiga WhatsApp.

In bayanai suka fita, a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya (NDPC) cikin awa 72, a kuma gargaɗi mutanen da abin ya shafa ta rediyo da bakin masu unguwanni.