Kan gas mai murɗawa da tiyo: yaya kuke fama da naku a sanyin Jos?

Maman Hanifa, Gangare

Assalamu alaikum jama'a. Ina suyar awara da dankalin turawa a ƙofar gida, safe da yamma. Watan jiya na bar itace na koma gas, don hayaƙi ya fara taɓa min ido. Na sayi bona ta ƙarfe mai ƙafa uku, mai shagon ya haɗa min da kan gas mai jan murfi, irin wanda ake murɗawa a ƙara wuta ko a rage, da tiyo mita biyu. Silindata mai kilo 12.5 ce.

Da yamma lafiya lau, wuta har gurnani take. Amma da asuba, tunda sanyin nan ya kankama, kasko biyu zan kwashe sai wutar ta fara yin ƙasa. Ko na murɗa har ƙarshe a banza, awara ta zauna tana shan mai. Jikin silindar kuma sharkaf da raɓa, shekaranjiya ma fari-fari na gani daga gindinta kamar an barbaɗa gishiri. Maigidan ya ce iska ake ɗura min a wurin sayen gas, har yana shirin zuwa ya yi musu tas. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Mai Shayin Farin Gada

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ba maigida haƙuri, kar ya je ya ɗauki alhakin bayin Allah. Ni na riga shi zuwa, na yi masifa, aka ɗora silindar a sikeli a gabana, kilo ya cika cif, na dawo da kunya. Sanyi ne kawai. Ƙarfe biyar nake kunna wuta, direbobin kayan gwari na tsaye suna hura hannu suna jiran shayi da ƙwai, ruwa ya ƙi tafasa. In ka jijjiga silindar ka ji gas na motsi a ciki, amma ya ƙi fitowa. Dabarata yanzu, baho nake samu in zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin na wankan jariri, in tsayar da silindar a ciki. Kafin ka yanka burodi biyu wuta ta dawo.

Malamin Kimiyya, Bukuru

Gaskiyar Mai Shayi ne, ba iska ba ce. Gas ɗin da ke cikin silinda ruwa-ruwa yake, sai ya tafasa ya zama tururi kafin ya biyo tiyo. Zafin da yake tafasa da shi kuwa daga jikin ƙarfen yake zuƙa, shi ya sa silindar ke yin sanyi tana gumi. Layin da raɓar ta tsaya, Hajiya, nan ne iyakar gas ɗinki, kin samu ma'auni kyauta.

Gas ɗin da ake sayar mana gauraye ne na gas iri biyu, butan da furofan. Furofan yana tafasa tun daga digiri 42 ƙasa da sifili, sanyinmu ba ya masa komai. Butan kuwa da ya kusanci sifili sai ya kwanta. To ga Jos a tudun kusan mita 1,200, ga hunturun Disamba da Janairu, ga bona mai zuƙar gas da ƙarfi tana ƙara sanyaya silindar. Furofan ɗin shi ke fara ficewa, don haka idan silinda ta yi rabi, abin da ya rage akasari butan ne, matsalar sai ta ninku. Murɗa kan ba zai taimaka ba, aikinsa rage ƙarfin da ya samu ne, ba ya ƙirƙirar wanda babu.

Sai dai ruwan ɗumin nan ban cika son sa ba, Malam. Yana aiki, amma yana cin gindin silinda da tsatsa, kuma yau mai ɗumi ne, gobe yaron shago zai juye tafasasshe. Abin da ya fi shi ne babbar silinda, mai kilo 25 ko 50, ko biyu a riƙa musanyawa. Kuma a ɗaga ta daga kan siminti a ɗora a katako.

Mai Shayin Farin Gada

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma mai kilo 50 ai sai in sayar da teburin da bencin. Ina goge gindin da tsumma kullum in na tashi.

Baban Sadik, Unguwar Rogo

Ni nawa kuskuren daban ne, kuma har yau uwargida ba ta daina yi min gori ba. Na sayi kan mai murɗawa don dafa naman layya a tsakar gida. Bayan Sallah kan gas ɗin kicin ya lalace, na ce ai ga wannan a ajiye, gas ai gas ne. Na haɗa shi da kukar kicin, na kunna ashana. Wallahi wutar ba ta zauna a kan bonar ba, tsalle ta yi sama tana huci, ta mutu, gas ya ci gaba da fita, kafin in kai hannu ta sake kamawa bum. Gashin hannuna da rabin girata suka tafi. Sati biyu ina zuwa masallaci ana tambayata ko aski ne ya ɓaci.

Da na kai wa mai gyara ya nuna min rubutun da ke jiki. Na kicin an rubuta milibar 30, wato ma'aunin ƙarfin fitar gas, ba ya wuce nan. Mai murɗawar an rubuta 0 zuwa 20 a wani ma'aunin da ake kira psi, wato kusan milibar 1,400 idan an ƙure shi, ninki arba'in da wani abu ke nan. Ramin da gas ke fita a kukar gida ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Tun ranar na ɗaure shi a leda tare da bonar waje, ba ya ƙetare ƙofar kicin.

Hajiya Mai Girkin Biki, Rikkos

'Yata Maman Hanifa, kowa ya yi maganar kan, ni tiyon nake so ki duba. Shekara da shekaru ina girkin biki da suna, bona huɗu nake jerawa, kuma duk tsoratar da na taɓa yi daga tiyo ta zo.

Wani biki a Bauchi Road, mun ɗora shinkafa mudu ashirin tun da duhu. Ina tsugune ina gyaran attaruhu sai na ji warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasa-ƙasa. Yaran da ke tsaye suka ce ba su ji komai. Ashe gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a kwatar tsakar gidan. Na sa aka rufe silindu duka, na hana kowa taɓa ashana ko makunnin lantarki. Na kaɗa omo a kofi, na bi tiyon da soso tun daga kai har bona. Daidai inda ya lanƙwasa a bayan buhun albasa sai ga kumfa tana tasowa, ƙanana-ƙanana kamar idon kifi. Ɓera ne ya ɗanɗana shi a sito, huda uku, ba ka gani sai ka tanƙwara.

Tun daga nan nake sayen mai saƙar ƙarfe a jiki, ko kuma mai kauri da aka rubuta ƙarfin da yake ɗauka da shekarar da aka yi shi. Kar ki yarda da tiyon ruwa ko siririn nan na kukar gida, kan mai murɗawa kumbura shi yake. Kuma a ɗaure baki biyun da kilif na ƙarfe, a matse da sukundireba. Ɗaurin robar tayar keke da nake gani a wurin masu suya, ni dai gabana faɗuwa yake. In na tashi aiki, nannaɗe tiyon nake in rataya a ƙusa, ba ya kwana a ƙasa, ba ya yini a rana.

Ɗan Jos a Kubwa

Gaisuwa ga mutanen gida. Mu a Abuja ba mu san wannan daskarewar ba, zafi ne ke busar mana da tiyo har ya tsattsage. Nawa labarin na kayan waje ne. Ƙanina ya aiko min da murhun gashi daga Amurka, da kansa da tiyonsa a haɗe. Bakin kan wani baƙin murfi ne babba da ake ɗaurawa da hannu, QCC1 suke ce masa, bai shiga silindarmu ko ɗaya ba. Sai da na samo mahaɗi na tagulla aka ɗaura a babbar silinda, wadda zarenta hagu ne, in ka murɗa dama kwancewa kake. Na haɗa, na kunna, wuta kamar ta kyandir.

Kwana biyu ina zargin mahaɗin. Ashe irin wannan kan yana da wani abin tsaro a ciki, idan gas ya taho da ƙarfi lokaci guda sai ya ɗauka tiyo ne ya fashe, ya toshe hanya ya bar ɗan kaɗan. Ni kuma ina buɗe silinda gaba ɗaya alhali bona a buɗe take. Na rufe komai, na cire, na jira kamar minti ɗaya, na mayar, na buɗe a hankali. Shi ke nan, ta kama shuɗiya zar.

Sarkin Babbaka

Mu da muke babbakar kai da ƙafa wuni muke da wannan kan. Yadda nake koya wa yarana: kafin a buɗe silinda, a warware jan murfin baya har ya yi sako-sako. A buɗe gas, a kawo wuta bakin bona, sannan a ɗaura murfin kaɗan-kaɗan. Da ka ga harshen wutar ya rabu da ƙarfen yana shawagi, ka wuce gona da iri, koma baya. In kuma ja take yi tana baƙanta tukunya, iska ce ta yi mata kaɗan, akwai ɗan faifai a wuyan bonar, a buɗe shi. Wani lokaci gizo-gizo ne ya yi saƙa a ciki. In an tashi, silinda ake fara rufewa, a bar na cikin tiyo ya cinye da kansa.

Hajiya, ki kare wutar da langa-langa ta gefen da iskar hunturu ke bugowa, rabin gas ɗinki ita ke kwashewa. Amma kar sanyi ya sa ki shige da bonar cikin zaure ki rufe ƙofa. Hayaƙinta ba ya wari, mutum sai dai ya ji jiri da ciwon kai. Na taɓa ganin wani ya tura kaskon gawayi kusa da silinda wai ta ji ɗumi. Ban tsaya gardama ba, na ɗauki kaskon da kaina na yi waje da shi.

Malamin Kimiyya, Bukuru

Ƙari ɗaya tunda ana maganar tsatsa: ku duba shekarar da aka buga a wuyan silinda. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki shekara 15 ta yanka wa silinda, bayan nan a ajiye ta.

Maman Hanifa, Gangare

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na ari silindar maƙwabciyata, na ɗora duka biyun a kan katako, da ɗaya ta fara gumi sai in koma ɗayar. Na soya awarar mudu uku wuta ba ta yi ƙasa ba. Hajiya, na yi gwajin omo kamar yadda kika ce, tiyon lafiya, amma bakin bonar ya yi kumfa, ashe da waya mai shagon ya ɗaure min. An sa kilif yanzu. Maigidan ya fasa zuwa faɗa, sai dai har yanzu yana cewa bai yarda da sikelinsu ba.

Baba Sarkin Babbaka, faifan da ka ce na gan shi, amma ya cije da tsatsa ya ƙi juyawa. Man inji zan ɗiga masa ko in kai wa mai gyara?