Neman kalmar Hausa: alamomin da ake sa wa shafin intanet don injin bincike ya gane shi

Mai Shirin Fasaha: Salam 'yan'uwa. Gobe da safe zan naɗi shiri, kuma har yanzu "semantic markup" ta tsaya mini a wuya. Abin da nake son mai sauraro ya gane: injin bincike yana ganin 1984 a shafi, amma bai san ko shekara ce, ko sunan littafi, ko lambar gida ba, sai mai shafin ya liƙa mata wata alama a ɓoye da ke cewa "wannan sunan littafi ne, ga marubucinsa". Me zan kira wannan?

Uwar Ɗalibai: Alamomin ma'ana. Kada ka wahalar da kanka.

Ɗan Kwamfuta: Hajiya, ta yi faɗi da yawa. Aya da waƙafi ma alamomin ma'ana ne. Wannan kuwa galibi da ƙamus guda ake yinsa, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu suka kafa a 2011, wato Schema.org, Yandex, injin binciken Rasha, ta shigo daga baya. Mai karatu ba ya ganin komai, injin ne ke karantawa, shi ya sa wani sakamakon ke fitowa da taurari ko ranar taro a ƙarƙashinsa. Ni dai "laƙabin ma'ana".

Almajirin Nahawu: Wasalin shafi! Baƙaƙe suna nan, amma sai an yi musu wasali mai koyo yake karantawa daidai. Injin ma ɗan koyo ne.

Ɗan Kwamfuta: Wasali ana ganinsa da ido ai.

Almajirin Nahawu: To, ɓoyayyen wasali.

Tsantsar Hausa: Ikon Allah. Alama Larabci, ma'ana Larabci, laƙabi Larabci. Yaushe za mu daina bara? Muna da "nuna", muna da "nufi". Manunin nufi. Na daɗe ina faɗa, ba a ji.

Uwar Ɗalibai: Malam, "injin" da "shafi" fa, daga ina suka zo? Ko su ma mu mayar wa masu su?

Tsantsar Hausa: Su ma ina kan aikinsu. Waɗanda suka ƙirƙiro abin ba su fi mu kai ba.

Ɗan Kwamfuta: Ranka ya daɗe, su kansu "semantic" ɗin daga Girkanci suka aro. Kuma "manuni" wasu na kiran kibiyar nan ta allon kwamfuta da shi, za a rikice.

Tsantsar Hausa: Wanda ya rikice ya koma makaranta.

Mai Shirin Fasaha: Allah ya huci zuciyarka, Malam, dare na yi. Zan ce "laƙabin ma'ana", in yi bayani da misalin wasalin nan, don shi ne zai zauna a kunnen mai sauraro. JSON-LD kuwa, wato ɗaya daga cikin hanyoyin rubuta alamomin a shafi, zan bar shi da sunansa, in kira haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Almajirin Nahawu: Wato nawa misali kawai ya zama. Ba komai.

Tsantsar Hausa: Ka faɗi naka gobe. Ni a rubutuna manunin nufi zan ci gaba da sawa.